Minti Shida na Don Anselmo

Shekara talatin da ɗaya Don Anselmo Portillo ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare ta Santa Ana, sai ga shi da furfurarsa ya koma ɗan koyo a San Salvador, babban birnin ƙasarsu El Salvador, a irin kamfanin nan da ake amsa wayar Amurkawa idan intanet ɗinsu ya ƙi aiki. Fansho ya kasa riƙe gida, aikin nan kuwa shi kaɗai ya samu. Horon mako uku ne. Ranar Juma'ar ƙarshe a kunna wata wayar da mutum ya amsa kowa ya ji, sannan a ce ya zauna ko ya kama gabansa.

Mai horar da su Wilmer ne, wanda aka tafi da shi Los Angeles yana ɗan shekara shida, aka dawo da shi cikin jirgin korarru yana da ashirin da takwas. Ko inda ake ɗiga aya bai sani ba, amma da ya buɗe baki sai ka rantse Ba'amurke ne. Wannan ba ƙaramin ci wa Don Anselmo rai yake yi ba.

"Profe, don Allah ka daina ce musu my friend," in ji Wilmer, da yake Profe suke ce wa malami. "Kana faɗa sun gane daga ƙetare kake. Ba mai cewa haka a can."

"To me zan ce?"

"Buddy. Amma da lura. Ita ake ce wa yaro, da kare, da wanda kake shirin kai wa naushi."

"Yaro, kare da abokin faɗa. Madalla. Pal fa?"

"In ka ji wannan, mutunci ya ƙare. Sai dai in tsoho ne ya faɗa, to ƙila da zuciya ɗaya yake nufi."

"Ƙila."

"Dude kuwa kar ka kuskura, ka wuce shekarunta."

Don Anselmo ya zaro ƙamus ɗinsa da ya sha jiki, ya buga yatsa a shafi uku. Duk ukun fassararsu guda ce, aboki.

"Profe," in ji Wilmer, "littafin nan bai taɓa hawa bas a Los Angeles ba."

'Yan aji suka kwashe da dariya, yaran da ya haifi iyayensu. Takaici ya ishe shi. Ya ja layi-layi a littafin rubutunsa, kowace kalma da gidanta, amma kullum sai Wilmer ya zo da wani "sai dai in" ya rushe masa gini. Har pupusa, wainar masarar da matarsa ke ƙunso masa, takan huce bai taɓa ba. Ga kuma doka: kowace waya kar ta wuce minti shida, in ta wuce agogon allo ya koma ja.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe wani tsoho ya kira daga Ohio, Mista Hargrove, yana huci. Ya ce masa pal, bai rufe baki ba ya ce masa buddy. Cikin minti huɗu Don Anselmo ya gyara masa intanet. Sallama kaɗai ta rage. Amma mutumin da ya shekara talatin da ɗaya ba ya barin kalma ta wuce shi a aji, ina zai iya.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri da tambaya," ya ce. "Mako uku ke nan ina fama da kalmomin nan. Ka kira ni da biyu a numfashi ɗaya. Wacce kake nufi? Faɗa muke yi ko shiri?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ta farkon da haushi ya faɗe ta, ta biyun kuwa bai ma san ta fito ba. Ya ce akwai wani Ray da suka yi aikin ƙarfe tare shekara arba'in, shi kaɗai yake kira pal da gaske, an binne shi bara. Agogo ya yi ja. Don Anselmo yana kallonsa, amma ya kasa katse dattijo a tsakiyar zancen mamaci.

Washegari wayar tsohon nan Wilmer ya kunna wa aji. Minti goma sha bakwai. Don Anselmo ya cire abin sauraron waya daga kunnensa ya ajiye a tebur, ya fara tura ƙamus cikin jaka, yana tunanin yadda zai gaya wa matarsa. A ƙarshen wayar aka ji tsohon yana cewa tun jana'iza ba wanda ya tambaye shi wani abu, sannan ya ce, "Na gode, my friend."

Wilmer ya kashe na'urar. Ya daɗe yana duban takardar maki.

"Ka take doka har kusan ninki uku, Profe."

"Na sani, ɗana."

"Litinin ƙarfe bakwai ka zo aiki. Kuma don Allah minti shida." Ya tura masa abin kunnen, ya rage murya yadda 'yan aji ba za su ji ba. "Shekara ashirin da biyu na yi a can. Duk sauran an kira ni da su. My friend kam ba wanda ya taɓa ce mini."