Farantan Laraba a Buhun Gero

Laraba matar Na'Allah tana da faranti goma sha biyu na tangaran, farare masu bakin ruwan zinariya, waɗanda yayanta ya kawo mata daga Sakkwato. Shekara shida suna cikin kabad a ɗakinta a Shagari, ko ƙwayar shinkafa ba ta taɓa sauka a kansu ba. Duk Asabar sai ta fito da su, ta goge, ta mayar. Na'Allah kuwa a tsohon kwano mai lotsattsen gindi yake cin tuwonsa.

Ana saura kwana uku godiyar kaka, ranar da kowane gida ke kai amfanin gona coci a raba wa gwauraye da marayu, Mama Saratu shugabar zumuntar mata ta yi sallama.

"Maman Rahila, baƙi na tahe daga Bodinga da Lambara, ga tsofaffinmu. Ki ara muna farantan nan naki."

Laraba ta dubi kabad ɗin. Ta tuna hannun tsofaffin nan da ke rawa.

"Ayya Mama, ai sun fashe."

"Duka?"

"Duka. Akuya ta shiga ɗaki."

Mama Saratu ta yi mata jaje ta tafi. Laraba ta san matan zumunta za su biyo baya da nasu jajen, ga kabad ɗin mai gilashi ne. Ta naɗe farantan a tsohon zane, ta cusa su tsakiyar buhun geron da ya fi kowanne cika, ta ɗinke bakinsa.

Ranar Lahadi ta riga mijinta fita saboda waƙa. Tana tsaye cikin ankon zumunta, tana kaɗa caki, sai ga Na'Allah da maza biyu sun shigo da buhu suna nishi. Ta gane ɗinkinta tun daga ƙofa. Ta daina waƙar.

"Wanda ya fi nauyi na zaɓo wa Ubangiji," in ji Na'Allah, yana share gumi, yana duban jama'a.

Aka farke buhun za a juye a tabarma. Gero ya zubo, sai ga ƙullin zane ya gangaro a hankali ya tsaya a ƙafar Fasto. Fasto ya kwance shi, sai ga farantan.

"Ikon Allah," in ji Mama Saratu. "Akuyar nan ta iya gyara."

Fasto bai san zancen akuya ba. Ya ɗaga faranti ɗaya sama. "Ku dubi bayarwa a ɓoye. Ko mijinta bai sani ba."

"Gaskiya ban sani ba," in ji Na'Allah. "Ni ko taɓa su ba a bari in yi."

Aka fara tafi. Laraba ta ga hanya biyu: ta yi shiru ta sha yabo a kan ƙarya, ko ta buɗe baki ta sha kunya. Tafin ya fi mata nauyi. Ta ajiye cakin.

"Baba Fasto, ba bayarwa ba ce. Ɓoye su na yi don kada a ara. Ba mu da akuya ma."

Dariya ta ɓarke har bencin baya. Fasto ya miƙa mata ƙullin. "To, ga kayanki, ɗiyata. Geron kaɗai muka karɓa."

Ta rungume su. Sai idonta ya kai kan Kaka Tabita, tsohuwar da ta koya mata addu'a tana ƙarama, zaune da murfin tukunya a cinya tana jiran abinci. Laraba ta je ta zare murfin, ta ɗora mata faranti. Sauran ta bi benci tana rabawa.

Da aka watse, goma sha ɗaya suka dawo lafiya. Ɗaya ya ɓantare a baki, na Kaka Tabita.

"Ki yafe mini, jikata. Tunda nike ban taɓa ci a irinsa ba, hannuna ya ruɗe."

Laraba ta shafa gurbin, ta jira ranta ya ɓaci. Bai ɓaci ba.

"Riƙe shi, Kaka, naki ne."

Washegari Na'Allah ya tarar da tuwonsa a farantin tangaran. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi ya sake wanke hannu.