Jinjirin Watan Baffa Tsoho

Shin wanda ya ga wata a jikin takarda, ya ga wata? Ba wanda ya taɓa ba Hambali mai hoto amsar da ta kwantar masa da rai. Tambayar kuwa ta fara cin sa ne ran da ya durƙusa a bakin gadon karan maƙwabcinsa, Baffa Tsoho, da ɗanyen hoto a hannunsa.

Shekara arba'in Baffa Tsoho ne mai duban wata a Magariya. Duk ranar ashirin da tara, rana na yin ja, zai tura shanunsa gida ya hau tudun da ke yamma da gari. In ya ce ya gani, alƙali ba ya neman wani shaida. In ya ce bai gani ba, a cika talatin. Yanzu ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, ido kuma ba ya gane abin da ya wuce taƙi ɗaya daga hancinsa. A farkon Rajab ya aika matarsa Habiba ta kira Hambali ta kan danga.

"Ka ɗauki fuskar kowa a garin nan saboda takardun Nasara," in ji shi. "To, ɗauko mini jinjirin wata. In gan shi sau ɗaya kafin in tafi."

Akwatin hoto biyu gare Hambali. Akwai babban na katako mai ƙafa uku, wanda yake kafawa a ƙofar bariki yana ɗaukar masu neman takardar shaida. Akwai kuma wani ƙarami baƙi mai cin fim, da ya samo a Kano, wanda mutane ke ce wa abin wasan yara. Duk wanda ya nemi shawararsa, amsa ɗaya ce: babban abu sai babban akwati. Ya kai babban akwatin kan tudu, ya buɗe masa ido ya ƙirga har goma. Da ya wanke takardar, ba komi sai wani ɗan dusu-dusu kamar sawun tsutsa. Ya gwada ƙaramin. Wata ya fito, amma bai kai ƙwayar gero ba.

Kwanaki suka tafi, wata ya girma ya fara raguwa, tarin Baffa yana ƙaruwa. Sai Hambali ya yi abin da ya daɗe yana yi wa masu son a goge musu tabo a fuska. A takardar farko ta babban akwati, abin da ke fari baƙi yake fita. Ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana lauje, ya ɗiga tauraro tsakanin ƙahonninsa don ado, ya sake ɗauka. Ga wata fari tas. Ya ce wa zuciyarsa, ƙaryar da ta sanyaya wa mai mutuwa rai, wa ta cuta?

Shi ne hoton da ya durƙusa da shi.

Baffa Tsoho ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sai ƙirjinsa ya fara rawa. Habiba ta taso da ƙwaryar ruwa, ta zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Hambali, wa ya shigar da tauraro cikin wata?"

"Baffa, haka... haka ya fito."

"Ɗana, tauraro ba ya zama a nan. Wurin ba fili ba ne. Watan yana nan cikakke, duhu ne kawai ya rufe sauransa." Ya miƙa masa hoton. "Hannunka na da kyau. Amma ni ban taɓa cewa na ga abin da ban gani ba. Kada ka sa in fara yanzu, a bakin kabari."

Hambali ya fito cike da kunya, kamar ƙasa ta tsage ta haɗiye shi. A zaure Habiba ta tsayar da shi.

"Akwai madubi mai jawo nesa a garin nan," ta ce a hankali. "Ka san wurin wa."

Ya sani. Ajimi, tsohon sojan Faransa, ya dawo daga yaƙi da madubi mai ido biyu a cikin jakar fata. Babarbare ne, Baffa Tsoho kuwa Bafillace, don haka tun suna samari ba sa haɗuwa sai an yi ta ba'a, wannan ya ce bawansa ne, wancan ya ce ƙarya. Wasan ya mutu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A wata ranar duban watan Sallah, Ajimi ya rantse ya ga jinjiri da madubinsa. Alƙali ya juya ga Baffa, Baffa ya ce shi bai gani ba. Aka ƙara azumi ɗaya, yara suka yi ta yi wa Ajimi waƙa a kasuwa. Tun ran nan bai ƙara taka tudun ba.

Hambali ya same shi yana gyaran igiyar rijiya. Ya faɗa masa komi, har da zanen.

"A'a," in ji Ajimi. "Ashe yau madubina ya zama shaida? Ce masa ya duba da idon nan nasa da alƙali ke so."

"Idon ya tafi, Baba Ajimi."

Tsohon ya ci gaba da murza igiya. Hambali ya tashi, har ya kai bakin ƙofa, ya ji an jefo wani abu mai nauyi a kan yashi bayansa. Jakar fata ce.

"Madubi na ba ka, ban ba ka ƙafata ba. Tudun nan ni da shi har abada. In ka fasa mini shi, ka bar garin."

A nan zaɓi tsakanin akwatunan biyu ya yanke kansa. Idon babban akwati ya fi bakin madubin faɗi nesa, ga shi takardarsa mai nawar shan haske ce. Ƙaramin kuwa idonsa ya zauna a bakin madubin kamar murfi da tukunya. Hambali ya cire babban daga kan ƙafafunsa uku, ya ɗaure madubi da ƙaramin akwati a kan wani ɗan allo da igiyar fata, ya naɗe mahaɗarsu da baƙin ƙyalle, ya ɗora allon a kan ƙafafun. Kwana huɗu yana gwaji da kan wata giginya mai nisa, har ganyenta ya fito ɗaya-ɗaya.

Watan Sha'aban ya kama. Ranar farko jinjirin ya yi siriri, fim bai kama shi ba. Rana ta biyu iska ta girgiza ƙafafun. A ta uku, ana kiran magariba, ya danne allon da dutse, ya riƙe numfashi, ya danna.

Da hantsi ya kai hoton. Watan bai fi yankan farce girma ba, kuma gefen cikinsa ba sumul ba ne, yana da kaushi kamar bakin fasasshiyar tukunya. Hambali ya so ya ba da haƙuri saboda munin. Baffa ya karɓa, ya juya takardar a hankali har watan ya kwanta a gadon bayansa kamar ƙwarya. Leɓunansa suka motsa da addu'ar ganin wata.

"Ɗan kwana uku ne," ya ce.

"Haka ne, Baffa."

"Na gan shi." Ya juyo wajen Hambali. "Da madubin wa?"

Hambali ya faɗa masa.

"Je ka ce wa Babarbaren nan, bawana, madubinsa ba ya ƙarya. Wataƙila ran nan ma bai yi ba. Ni dai ban gani ba ne, abin da na faɗa ke nan."

Hambali ya kai saƙon kalma-kalma, bai rage ko "bawana" ba. Ajimi ya juya masa baya, ya daɗe yana fyace hanci.

"Bafillatanin banza," in ji shi. "Yana kwance ma bai bar rashin kunya ba. Ce masa ubangidansa na zuwa gobe."

Ya je kuwa, da goro biyu a aljihu. Habiba ta ce har waje ana jin su, ɗaya na tari ɗaya na zagi. Kwana tara bayan haka, tsakanin azahar da la'asar, Baffa Tsoho ya cika. Da aka ɗaga matashinsa aka tarar da hoton, gefensa ya yi laushi don yawan riƙewa.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban mutane suka hau tudu neman watan azumi. Ba wanda ya tsaya a kan ɗan dutsen da Baffa ke tsayawa, aka bar wurin fili. Hambali yana kafa ƙafafun nan uku sai ya ji haki a bayansa. Ajimi ne, yana dogara sanda, yashi na zame masa. Hambali ya fara kwance madubin don ya miƙa masa.

"Bar shi inda yake," in ji tsohon.

Ya wuce ya hau dutsen, ya gyara tsayuwa, ya kare goshinsa da tafin hannu, ya zuba wa jan sararin yamma ido.