Wanda Ya Sani Shi Ke Duka

A ajin ƙarshe na wata makarantar kuɗi da ke Sabon Gari, Mista Kambai mai koyar da Turanci yana da tsarinsa. Kowace Juma'a yakan rubuta manyan kalmomi ashirin a allo, ranar Litinin ya shigo da dorina ya bi benci-benci yana tambayar ma'anarsu. Wanda ya kasa sai ya miƙe tsaye. Wanda ya fara faɗa daidai shi ake miƙa wa dorinar, ya bi na tsaye ya zuba wa kowa biyu a tafin hannu. In ya yi dukan wasa, malamin ya karɓa ya nuna masa yadda ake yi a jikinsa. Iyaye ba sa ƙorafi, don ɗaliban Kambai suna cin Turanci a jarrabawar fita.

Hadassah, 'yar shekara goma sha shida, ita ta fi kowa riƙe dorinar nan. A bencin baya kuma akwai yayanta Yona, mai shekara ashirin da biyu, wanda gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Shekara biyar ya yi a gonar doya a Paiko bayan mahaifinsu ya kwanta ciwo, sai bana ya dawo makaranta. Shugaban makarantar bai so karɓar ƙato irinsa ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin cewa ranar da ya ɗaga wa wani hannu zai cire sunansa daga masu jarrabawa. Saura mako huɗu a fara.

Kullum a bas daga Paiko Hadassah na yi masa bita. Ta lura kalma ba ta zama a kansa sai ta haɗa masa da abin da ya sani. Ephemeral, ta ce masa, kamar shinge ne, ƙwaron nan mai fiffike, ya fito bayan ruwa, kafin gari ya waye ya mutu. Ya yi dariya ya riƙe. Amma ma'anar da Hausa take zauna masa, in ya zo mayar da ita Turanci sai harshensa ya ɗaure.

A ajin kuwa, duk ranar da Yona ya miƙe tsaye, Hadassah ba ta ɗaga hannu. Ta yi haka har sau uku. Kambai kuwa yana lura da ita.

Ranar Litinin ɗin nan kalmar gregarious ce ta faɗo kan Yona. Ya ce da Hausa, mai son shiga jama'a. Ajin ya fashe da dariya. Kambai ya tambaye shi ko a kasuwar doya za a rubuta jarrabawar, ya ce ya tsaya a tsaye. Wasu mutum biyar ma suka kasa, suka miƙe. Sai malamin ya tsallake layi biyu ya tsaya a gaban Hadassah.

"Ban sani ba, Sa."

"Ke da kika sa ta a insha'inki makon jiya?"

Ya ce ta faɗa, ta ƙi. Ya zuba mata a kafaɗa. Ya sake tambaya, ya sake zubawa, a baya, a damtse, har farar rigarta ta tsage a gefen hannu. A ta shida ta faɗi ma'anar da Turanci. Ya danƙa mata dorinar.

Ta bi biyar ɗin ta doke su ba tare da ta dubi fuskar kowa ba. Da ta iso bencin baya, Yona ya riga ya shimfiɗa tafinsa, mai kanta kamar bawon itace.

"Buga, ƙanwata," ya ce a hankali. "Ba zan ji ba."

Ta ɗaga hannu. Wannan ne ya goya ta zuwa asibiti lokacin da kunama ta harbe ta, a gida ko sunansa ba ta kira sai Yaya. Dorinar ta sauka kamar an ajiye ta.

Kambai ya fizge ta daga hannunta, ya ce tunda ta manta yadda ake yi zai tuna mata. Ya kai duka daidai lokacin da ta juyo. Bakin dorinar ya kama ta daga kunci zuwa gefen ido, fatar ta buɗe, jini ya gangaro kan kwalar rigarta. Ya sake ɗagawa.

Yona ya cafke hannun a sama. Teburin ya kife. Ya murɗe dorinar ya jefar, ya kai wa malamin naushi a baki, ya ƙara masa a haƙarƙari. Kambai ya faɗi kan benci, ƙeyarsa ta bugi bango, tabaransa ya fashe a ƙasa. Ya tofar da jini da rabin haƙori. 'Yan mata suka turmushe juna a ƙofa. Hadassah ta rungume ƙugun yayanta tana ja, shi kuma yana jan ta tare da shi, sai da maigadi da malamai biyu suka danne shi.

A ofis Hadassah ta durƙusa, ƙyalle a ido, ta roƙi shugaban ya bar Yona ya rubuta jarrabawar ko da a baranda ne, ta nuna masa bayanta. Ya duba, ya ce zai yi wa Kambai magana in ya dawo daga asibiti, amma sharaɗi sharaɗi ne, kuma su gode bai kira 'yan sanda ba. Ya jawo takardar sunaye ya ja layi a kan na Yona.

Ta raka shi har bakin get. Hannunsa ya kumbura, yana riƙe da jakarsa da ɗayan. Ya ce ta je kemis a duba mata idon sannan ta koma aji, kada su yi asarar mutum biyu rana ɗaya. Ya yi taku kaɗan ya tsaya.

"Abin da na faɗa ɗin nan, daidai ne?"

"Daidai ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya tsallaka titi ya nufi inda motocin Paiko ke lodi.