Jarkoki Huɗu a But

Mai Dalma ya shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran lagireton mota, kuma bai taɓa ce wa kowa "wannan ba ya gyaruwa" ba. Rumfarsa tana ƙarshen layin makanikai: benci ɗaya, kwamin ruwa na gwada yoyo, murhun gawayi da ƙarfen narka dalma, sai tsofaffin lagireto na tagulla rataye a bango, duk sun yi kore. In ya liƙe abu ya ce "je ka," magana ta ƙare.

Wata safiya mijin autarsa ya kawo motarsa ta haya, wadda da ita yake ci da gida. Lagiretonta irin na yanzu ne, mai tankin roba a sama, ya tsage kusa da wuyan tiyo. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, ido a ƙasa, wai an ce irin wannan sai dai a sa sabo.

"Wa ya ce?"

"Mai Kwali ne, Baba."

Mai Kwali shi ne mai shagon kayan mota a bakin titi. Tsohon ne ya raɗa masa sunan, don a cewarsa duk sana'ar mutumin ba ta wuce yanka kwali da reza ya miƙo abin da ke ciki ba.

"Mai Kwali ya taɓa riƙe ƙarfe mai zafi? Buɗe bonet."

Rabin yini ya yi a kai. Ya huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta yi gaba, ya kankare, ya dasa ragar waya da ƙarfe mai zafi, ya narka roba a kai, ya bi da gam. Ya tsoma a kwami ya hura iska, ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Je ka," in ji shi. "Wannan sai motar ta mutu ta bar shi."

Mako uku bai ji komai ba. Ran nan da tsakar rana sai ga motar ta tsaya, Auta ta fito da kwanon abincinsa, mijinta na biye. Ya zo daidai, don tsohon ya gama lagireton wata babbar mota yana neman mai kai masa gareji.

"Buɗe but mu saka wannan."

Surukin ya hau sosa ƙeya da hannun hagu. "Baba, ai makullin yana gardama. A sa a kujerar baya mana."

"Inda fasinja ke zama? Da maiƙonsa?"

Ya karɓi makullin da kansa. Murɗawa ɗaya but ya buɗe. Jarkoki huɗu ne a jere, uku cike da ruwa, ɗaya babu komai, ga mazurari, ga jiƙaƙƙen tsumma. Tsohon ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo, sai a lokacin ya lura hannun daman surukin a naɗe yake da bandeji.

"Hannun fa?"

"Shayi ne ya zubo mini, Baba."

"Shayi!" in ji Auta. Ta dire kwanon a kan benci. "Baba, shayin nan a bonet aka dafa shi. Kwana goma sha biyu ke nan, sawu biyu zai yi ya tsaya ya ba motar ruwa kamar jinjira. Fasinja su sauka suna zaginsa. Shekaranjiya gaggawa ta sa ya buɗe murfin da zafi."

"Ke, yi shiru mana."

"Ba zan yi ba. Na ce ka gaya masa, ka ce ko injin zai buga ba za ka iya kallon idonsa ka ce aikinsa ya saki ba. To ni ubana ne. In injin ya buga, kunya za mu dafa mu ci?"

Mai Dalma ya nufi gaban motar. Ya ɗaga bonet, ya cika ruwa, ya ce a tayar. Ya jawo kujera ya zauna yana jira, har allurar zafi ta hau. Facinsa na nan a bushe, daram. Amma daga gefensa, tazarar yatsa biyu, wata sabuwar tsaga ta buɗe baki, ruwa na fita siriri kamar zare.

Surukin ya leƙa, fuskarsa ta washe. "Ka gani, Baba! Ashe ma ba aikinka ba ne. Facin bai motsa ba. Wani wuri ne daban."

Gaskiya ya faɗa, kuma ƙofa ce ya buɗe masa. Tsohon na iya liƙe wannan ma kafin la'asar, ya riƙe, babu mai cewa uffan. Ya ce a kashe motar. Da ta huce ya sa farce ya karci tankin can nesa da facin. Robar ta marmashe a farcensa kamar busasshen sabulu.

Ta dahu. Shekaru tana shan zafi, ta dahu gaba ɗaya. Tagulla in ta huje, wurin da ta huje ne kaɗai ke ciwo, sauran jikin lafiya lau. Wannan kuwa duk jikin ne ya mutu, tsagar dai ita ce ta fara magana. Kuma ya sani. Tun ranar da ya ɗora mata ƙarfe ya ji yadda take ƙin narkewa, tana ƙauri, hannunsa ya gaya masa. Sunan Mai Kwali ne ya toshe masa kunne.

Wani abin kuma ya zo masa, wanda ya fi wannan nauyi. A 'yan shekarun nan ya liƙe na roba sun fi ashirin, kuma ko ɗaya bai dawo ba. Kullum yana bugun ƙirji da haka a layi. To ga na gida ma bai dawo ba, jarka ya saya. Sauran fa? Wa ya san a bakin wace hanya injinsu ya buga, suka haɗiye, saboda furfurarsa?

Ya miƙe, ya goge hannu, ya ɗauki hularsa.

"Ku jira ni."

Daga rumfarsa zuwa bakin titi taku ɗari biyu ne, kuma duk makanikan layin sun ga inda ya nufa. Wani ya daina bugun ƙarfe don ya kalla da kyau.

Mai Kwali na zaune a bayan kanta. Da ya ɗaga kai sai ya miƙe tsaye. "A'a! Yau kuma wace rana? Baba da kansa! Hanya ce ta ɓace maka?"

Tsohon ya faɗi irin motar da shekararta.

"Sabo fil, Baba? Na roba? Wanda ka ce bokitin wanki ne aka yi wa fenti?" Ya sauko da kwalin yana dariya. "In yanka maka, ko ka zo da rezarka?"

"Yanka. Abin da ka iya ke nan."

Tsohon ya juya lagireton gaba da baya, ya bi bakin tankin da yatsa, ya ƙwanƙwasa. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Shekara nawa yake yi kafin ya dahu?"

Mai Kwali ya daina dariya. Bai taɓa jin tsohon ya tambayi kowa komai ba.

"Ya danganta, Baba. Bakwai, takwas, in ba a bar shi yana tafasa ba. Amma ka haɗa da sabon murfi. Tsohon murfi in ya ƙi sakin iska, shi ke fasa su."

Tsohon ya auna maganar. "Kawo murfin."

Da ya koma rumfa, da kansa ya ɗaura, bai bar kowa ya taɓa sifana ba. A wannan karon bai yarda da gwajin ruwan sanyi na kwami ba. Ya bar injin yana aiki har fanka ta tashi sau biyu, yana tsugune yana bin kowace gaɓa da busasshen tsumma. Abincin ya huce a kan benci.

Ya rufe bonet. "Jibi ka dawo da ita in gani, da ciwo ko babu. Kuma ka kai hannun nan a duba."

"To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Har sun buɗe ƙofa ya kira Auta. Ya juya musu baya yana jera sifanu a akwati.

"Ki gaya wa mijinki, ranar nan shi ne da gaskiya."

"Ga shi nan a bayanka, Baba."

"Na ce ki gaya masa."