Ƙarnin Hannun Habsatu

Shekara ashirin da shida Habsatu ta yi tana suyar kifi a bakin tashar Matameye, kuma direbobin Kano da na Damagaram duk sun shaida ba a yi mai yaji irin nata ba. Amma ita ba yabon ne ya zauna mata a rai ba, ƙarnin ne. Ta wanke hannu da toka, ta wanke da lemon tsami, ta shafa turare, duk da haka in ta zauna a gidan biki sai ta ga ta kusa da ita ta ɗan matsa. Ranar da autarta Basira ta dawo daga makaranta tana kuka don yara sun kira ta 'yar mai ƙarni, ranar Habsatu ta yi wa kanta alkawari yarinyar nan ba za ta taɓa kifi ba sai wanda aka zuba mata a kwano.

To, yarinya ta girma, ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, kuma duk karatun da ke duniya ta rasa wanda za ta zaɓa sai na kiwon kifi. Habsatu ta ce allambaran, ungozoma take so a yi mata, mai farar riga. Uban Basira ya daɗe da rasuwa, maganar uwa ce magana. Jami'a kuwa ƙarshen wata za ta rufe karɓar takardu, ga su can cikin akwati Basira ta ninke ta ajiye, ta daina tayar da zancen, ta kuma daina dariya.

Ana cikin haka Mansur, babban ɗan Habsatu da ke tuƙin mota a Jidda, ya biya mata umra. Ta yi ɗawafinta, ta yi ziyararta, ana gobe za ta dawo ya ce zai kai ta gidan kifi a bakin teku.

"Ni da na baro kifi a gida, shi ne za ka ɗauke ni ka kai ni kallon kifi? Kai dai ba ka da aikin yi," in ji ta.

"Inna, ki zo dai ki gani."

Ta bi shi tana ƙunƙuni, amma ƙunƙunin bai wuce bakin ƙofa ba. Bangon wurin duk gilashi ne, bayansa ruwa, har saman kai. Wani kifi mai faɗi kamar faifai ya wuce ta kanta yana jan doguwar jela, sai da ta sunkuya ta riƙe mayafi. Ga rawaya, ga shuɗi, ga mai zane ja da fari, launukan da ba ta taɓa sanin Allah ya yi wa kifi ba. Wani ƙaton kunkuru ya zo ya tsaya daidai fuskarta, suka kalli juna kamar tsofaffi biyu da suka haɗu a layin asibiti. Habsatu ta yi dariya har da riƙe ciki, daɗi ya kama ta sosai.

Sai dai hali ba ya zama a gida don an yi tafiya. Ba a jima ba ta fara yi musu hukunci: wannan ƙaya ce zalla, wancan sai dai miya, wancan kuwa zai sha mai. Mansur na ta waige-waige, yana gode wa Allah da ba kowa ke jin Hausa ba.

A gaban wani ƙaramin gilashi ta tsaya cak. A gida takan zuba tarwaɗa masu rai a baho, kuma da kallo ɗaya take gane wanda ba zai kai la'asar ba, shi take fara yankawa. Nan ma ga wani jan kifi ya ware kansa a lungu, ya ɗan karkace, idonsa ya yi fari-fari.

"Mansur, ka gaya musu su yanka wancan yau. Ba zai kai gobe ba."

"Inna, don Allah ki yi a hankali."

Wata budurwa mai rigar ma'aikata da hijabi ta juyo tana murmushi, ta gaida Habsatu da Hausar da Larabci ya lanƙwasa. Sunanta Sadiyya, ta ce kakanninta daga Damagaram suka zo aikin Hajji a ƙafa, suka zauna. Ta matso ta duba kifin, murmushin ya ɗauke. Nan take ta kira abokan aikinta aka kwashe shi da raga.

"Gaskiyarki, Inna," in ji Sadiyya, "ba shi da lafiya, kuma da safe na duba su ban lura ba. Amma nan ba ma yankawa, magani muke yi musu. Wace makaranta kika yi?"

"Makarantar bakin tasha," in ji Habsatu. "Ke fa?"

"Shekara biyar na yi ina karatun kifi."

Habsatu ta ce, "Ba ni hannunki, 'yata."

Ta kai hannun hanci ta shinshina. Ƙarni ne, irin nata sak, wanda ta yi rabin rayuwarta tana ɓoyewa cikin mayafi. Sadiyya ba ta janye ba, dariya ma ta yi, ta ce yanzun nan ta gama ba kifayen abinci. Sai ga wasu baƙi sun kewaye ta suna tambaya, tana nuna musu da hannun nan, suna saurara da girmamawa. Kunya ta kama Habsatu, ba ta ƙarnin ba, ta abin da ta yi wa Basira.

Ta iso Matameye saura kwana huɗu a rufe karɓar takardu. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, aka raba dabino da zamzam, kowa ya samu casbaha ko zobe. Basira na ta hidima, ba a kira sunanta a rabon tsaraba ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Da gari ya waye aka kawo tarwaɗa daga tabki, Habsatu ta zuba su a baho ta ƙwala wa Basira kira.

"Ɗauko takardun nan naki, yau mai motar Damagaram zai tafi da ke ki kai su. Amma zo tukuna, durƙusa nan."

Basira ta durƙusa, idonta ya cika da hawaye.

"Na ga wata mai shekara biyar a makaranta, kifi na ciwo a gabanta ba ta gani ba. Ke ba za ki je ki ba ni kunya ba. Wanne ne ba zai kai la'asar ba?"

"Ban sani ba, Inna. Ai kin hana ni taɓawa."

"Na hana," in ji Habsatu.

Ta kama hannun 'yarta, ta naɗe mata hannun riga, ta tsoma shi cikin ruwan tare da nata.