Kwas ɗin da Baban Biyu Ya Bari

Baban Biyu ya rasu a hanyarsa ta dawowa daga sayen katako, wata babbar mota ce ta ƙwace ta haye kan tasa. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu saboda tagwayen 'yan matansu, ita ta karɓo kayansa a asibiti cikin leda: agogo, makullan shago, da waya. Ta riƙa sa wayar a caji saboda masu gaisuwa da masu oda. Amma kullum da safe sai wani saƙo ya shigo, ba ya canjawa: an yi kewarka a aji, darasinka yana jiranka.

Ta san daga inda yake zuwa. Shagonsa na haɗa kujeru da gadaje ya bunƙasa har ya fi ƙarfin mai shi, ga ma'aikata, ga injuna, ga oda daga otal-otal. Yakan ce mata, "Ni katako na iya, ban iya kamfani ba." Shi ya sa ya ƙudurta shiga makarantar koyon kasuwanci ya yi digiri na biyu. Makarantar kuwa ba a shigarta sai an ci wata jarrabawa mai zafi, lissafi da karanta dogayen rubutu, duk agogo na bin mutum. Sai ya yi rajistar wani kwas a intanet. Da ya sauke yara a makaranta sai ya dawo teburin falo ya buɗe kwamfuta. In ta tsokane shi da ɗalibi mai furfura, ya ce gemu ba ya hana ilimi, ta matsa ta ba shi iska.

Bayan rasuwar ta ajiye aikinta na koyarwa ta koma shagon, don gidaje da yawa daga nan suke ci. Ta sha wuya. Masu kawo kaya suna mata magana kamar yarinya, ita kuma tana gyaɗa kai kan abin da ba ta gane ba.

Wata safiya ta buɗe kwamfutar da niyyar rufe kwas ɗin, ta huta da saƙon. Tana taɓawa sai bidiyo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wata malama mai tabarau ce a gaban allo, tana tsakiyar bayani kan famfo biyu da ke cika tanki ɗaya.

Sai ga surukarta, Inna, ta fito daga ɗaki da sauri, ɗankwali a hannu. Tun rasuwar ɗanta take zaune tare da su. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kujerar.

"Na ji muryar matar nan ne," in ji Inna, "sai na ce ko..."

Ba ta ƙarasa ba. Maman Biyu ta kai hannu za ta kashe.

"Bar ta, 'yar nan. Bar ta ta yi maganarta."

Suka zauna suka saurari darasin har ƙarshe. Da tambayar gwaji ta fito, Maman Biyu ta jawo takarda ta lissafa, ta danna amsa. Ta faɗi. Ta sake, ta ci.

Daga ranar abin ya zama musu jiki. Ita tana fama da tambayoyi, Inna tana gefe da carbinta, ba ta jin ko kalma ɗaya ta darasin amma ba ta fashi. In ta ga jan rubutu a allo sai ta ce, "An kayar da ke?" In kore ne ta ce, "To, madalla, a ƙara mata mai wuya."

A cikin kwas ɗin Maman Biyu ta ga mijinta ta wata fuskar da ba ta sani ba. A lissafi ba a kama ƙafarsa. Amma wajen karatu, duk inda rubutu ya yi tsawo sai ya gaji ya danna amsar farko, kamar yadda yake yi in tana ba shi dogon labari. Ta ga wata tambaya da ya tura wa malamai a zauren tattaunawa, da kuskuren rubutunsa da komai, yana ba da haƙuri wai shi kansa ya daɗe da barin aji. An ba shi amsa mai kyau, sai dai ta iso bayan an binne shi.

Ana haka wata rana tana ofishin shago, ƙarar injin yanka katako ta cika ko'ina, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, ta ce ita ce mai kula da ɗaliban kwas, tana neman mai wayar.

"Matarsa ce."

"To, Hajiya, ki taya mu yi masa murna. Makinsa na karatu ya tashi sosai. Lissafin ne ya ɗan sauka, shi ya sa muka ce mu ji ko lafiya."

Maman Biyu ta tura ƙofa ta rufe. Sai a lokacin ta gane abin da take yi. Duk amsar da ta danna tana gauraya da tasa, tana goge inda ya tsaya.

"Malama, ya rasu," ta ce. "Ni ce nake yi."

 Sai matar ta yi mata ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta ce, "Zan iya buɗe miki naki da sunanki, a bar nasa yadda yake. Amma ki gaya mini, jarrabawar kike son zaunawa, ko dai zama kike yi da shi?"

Ta yi mata godiya ta ajiye wayar. Ta yi kwanaki ba ta buɗe kwamfutar ba. Inna ba ta tambaye ta dalili ba, sai dai kullum ta fito ta zauna a kujerarta, in ta gaji ta tashi. Abin da ya yanke shawarar a shago ya faru: wani manajan otal ya kawo yarjejeniya mai shafuka da yawa, ta karanta ta tsaf, ta nuna masa layin da ya ɗora musu asarar duk abin da ya lalace a hanya. Ya gyara ba musu. Da ya fita ta ji tana son ta san sauran abin da ba ta sani ba. Ta kira mai kula da ɗaliban, ta ce a buɗe mata nata.

Sabon shafin ya zo fayau, ba maki ko ɗaya. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba tun asibiti, sannan ta fara daga darasi na farko.

Watanni suka shuɗe kafin ta zauna jarrabawar. A cibiyar jarrabawar aka karɓi jakarta aka kulle a akwati, aka ɗauki hotonta, aka kai ta wani ɗaki mai sanyi inda kowa ya fuskanci allonsa. Lokaci ya ƙure mata a lissafi, ta bar wasu tambayoyin. Da ta gama, makin ya fito nan take. Bai kai na babbar makarantar da marigayin yake buri ba, amma ya ishi ajin yamma na wadda ke cikin garinsu, wanda ake yi wa masu aiki.

Daga can makarantar yara ta wuce. Ta makara, ta tarar da tagwayen su kaɗai a bakin ƙofa tare da maigadi, sun kumbura fuska. Suna shiga mota babbar ta ce, "Mama, kin ci?"

"Na ci daidai gwargwado."

"Mu in muka ce haka faɗa kike mana," in ji ƙaramar.

Maman Biyu ta yi dariya har sai da ta share ido, sannan ta ce su ɗaura bel, ta tayar da mota.