Sanyi a Hawa na Tara

Baƙar fumfunar ta dawo. Jiya Odessa Pruitt ta kankare ta da soso har yatsunta suka yi tsami, yau ga ta kuma a kusurwar ɗakin jikarta Nyla, ta yi reshe ta nufi gadon. Daga cikin bargo tarin yarinyar ke fitowa da wani siririn fito a ƙarshensa.

Bara ne aka gyara benen gwamnati da suke zaune a ciki a birnin Buffalo, wai don a rage ɓarnar wuta da gas. Aka cusa wa bango soson tare sanyi, aka sa sababbin tagogi, aka liƙe kowace kafa. Fankokin da za su riƙa fitar da gurɓatacciyar iska kuwa, an ce sai zagaye na biyu. Maɓallin ɗumama ɗakuna ma aka mayar da shi ofishin masu kula da benen.

Dwayne mai gyare-gyare ya leƙo, ya dubi bangon, ya sosa ƙeya.

"Mama, ni fenti kawai aka ba ni."

"Fenti zai shaƙa mata iska? Kai da na san ka tun kana fitsarin kwance, ka tsaya kana yi min maganar ofis? Ku ƙara mana ɗumi mana."

"Ba a hannuna yake ba, na'ura ce ke yanke wa kowa rabonsa." Ya kalli kicin, ya rage murya. "Don Allah kada ki kunna tanderun gas don jin ɗumi. Gidan nan yanzu kwalba ce mai murfi, gubar gas ɗin ba ta da mafita."

*

Ranar Laraba ƙanƙara ta rufe gari, aka rufe makarantu. Tamika, 'yar Odessa kuma uwar yarinyar, ta fita aikinta na jinyar tsofaffi tun da safe. Wajen azahar leɓen Nyla ya soma rawa.

"Kaka, ba na jin ƙafata."

Odessa ta kira ofis, murya mai daɗi ta ce mata ta jira. Ta jira har ta gaji. Ta daɗe tsaye gaban tanderun, maganar Dwayne na yi mata yawo a kai. Ɗan kaɗan dai, ta ce a ranta, har ƙafar ta yi ɗumi. Ta murɗa, ta bar ƙofarsa a buɗe, ta jawo kujera ta rungume yarinyar.

Ɗumin ya yi daɗi. Tarin ma ya lafa. Sai kanta ya fara sara, wani barci mai nauyi ya danne mata ido. Ta girgiza Nyla. Kan yarinyar ya langaɓe.

Ba ta san yadda ta kai ƙofa ba. Da rarrafe ta ja yarinyar zuwa baranda, ta buga ƙofar maƙwabcinta, tsoho Zielinski, da tafin hannu har ya buɗe.

*

Nyla ta farfaɗo a asibiti, robar iska a fuskarta. Tamika na zaune gefen gadon, ko kallon uwarta ba ta yi ba.

Wata mata daga hukumar gidajen ta zo da tattausan lafazi. Ta yi jaje, sannan ta ce ɗumama ɗaki da tanderu saɓa ƙa'idar haya ne, za a zauna a duba ko za su ci gaba da zama a gidan.

"Fankokin fa?" in ji Odessa.

"Suna cikin tsari, Mama."

Da la'asar Odessa ta koma gida ɗauko wa yarinyar kaya. Barandar hawa na tara shiru, numfashinta na fita fari don sanyi. Tana laluben makulli ta ji wani sauti daga ɗakin da ke kallon nata, inda wata mai jego ke zaune da tagwayenta. Ƙas, ƙas, ƙas. Sai gas ɗin tanderun mai jegon ya kama.